Barcin da Na Yi a Zauren Tsohon Hedima

Makon jiya na bi ta unguwar Dilimi a nan Jos zan je gaisuwar mutuwa, sai na tarar an rushe wani zaure da na sani. An ja bulo, an sa ƙofar ƙarfe, an mai da wurin shagon katifa, ga su nan a jingine cikin ledarsu har bakin titi. Na tsaya ina kallo, mai shagon ya ɗauka ciniki ne ya zo, ya ce, "Baba, shigo ka taɓa. Wannan in ka kwanta a kanta sai an tashe ka." Na ce masa ina da irinta a gida, 'ya'yana suka saya mini, kuma ita ke barci ni ina gadinta. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba. Abin da na sani shi ne, daidai inda ya jera katifun nan, a da wata tsohuwar tabarmar kaba ce a shimfiɗe, kuma a kanta aka taɓa auna ni kamar yadda ake auna kuza a sikeli.

Ni ba mai ilimi ba ne, ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi aka ce in huta, malamin ma ya huta, don ranar da na bar makarantar har bakin ƙofa ya raka ni. Kwanakin baya 'yata ta kai ni asibiti saboda barci ya fara yi mini rowa. Likitan ya sa abin nan nasu a ƙirjina ya saurara, ya auna jini, daga nan sai ya ajiye kayan aiki ya koma tambaya. Wai in na tashi da safe alheri nake sa rai ko masifa nake jira. Wai akwai wanda na riƙe a zuciya. Wai in na kwanta abin da na samu nake tunawa ko abin da ya kuɓuce mini. Na ce, "Likita, ko dai kai jikan hedima ne?" Ya ce wane hedima. Na ce ya rubuta maganinsa kawai, labarin da tsawo.

A zamanin da muke samari barci ba abin nema ba ne a garin nan, shi ke neman mutum. A kasuwar katako ta Laranto nake aiki, ɗauko katako daga mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa mota, aikin da ba ya bukatar aji huɗu. Tun da sassafe zarto ke kuka, guduma na amsa masa, ƙamshin ɗanyen katako ya cika hanci, sanyi kuwa ya sa kowa cikin kwat ɗin gwanjo sai ka ce taron alƙalai. Amma da an sallame sallar azahar sai kasuwar ta yi tsit. Kafintocin Ibo su kife hula a fuska, mu mu haye tarin katako, mai shayi ya miƙe a kan bencinsa, ka ji minshari iri-iri kamar kwaɗi bayan ruwa. Ba wanda ke ɓoye takalminsa ko ya ɗaure aljihu. Can wajen la'asar wani ya yi hamma, wani ya zagi wanda ya taka shi, zarto ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yanzu je ka kasuwar da azahar ka gani. Janareto na ruri, kowa ido biyu, kai a sunkuye, yatsa na ta sharar waya, ana karanta abin da ya faru a garin da ba a taɓa zuwa ba ana ɓata rai. In ka ga mutum kwance da rana, to ba shi da lafiya ne.

Tsohon da ke da zauren nan ya yi shekaru yana hedima a wajen haƙar kuza can bayan Bukuru, wato shi ne kan lebura, shi ke cewa wane ya shiga rami, wane ya tsaya wanki a bakin ruwa. Yana da hanyarsa ta zaɓen waɗanda zai tura rami mai zurfi, kuma ba ƙwanji yake dubawa ba. In an busa jiniyar hutun rana, sai ya riƙa zagayawa yana kallon yadda kowa ya kwanta. Wanda ya saki jiki ya yi barci, ya tashi yana tsokanar na kusa da shi, shi zai ba rami. Wanda ke juye-juye ko yana zabura, sai ya bar shi a sama. Yakan ce mai zabura cikin barci akwai wanda yake kokawa da shi a ciki, shi kuwa ba zai ɗora mutum biyu a kan tsani ɗaya ba. Yana kuma cewa ya lura leburan da ke cewa gobe za a dace, ko da yau ba a samu komai ba, su ne ke riga kowa barci.

Da ƙarfi ya ƙare ya dawo Dilimi ya zauna, ba rami ba lebura, sai 'ya'ya mata huɗu. Sai ya mai da awon nan kan masu neman aurensu. In magana ta yi nisa, zai kira ka ranar Juma'a bayan an sauko, a kawo tuwo ku ci, sannan ya nuna maka tabarma ya ce, "Rana ta yi, ɗan huta." Shi kuma ya koma kujerarsa da carbi. Sau biyu kawai yake shimfiɗa wa mutum. Unguwa ta yi ta yi masa dariya, ana cewa gidansa ne kaɗai ake samun mata da minshari. Amma manyan 'ya'yan uku duk ta haka aka aurar da su, kuma ba a taɓa jin an kai ƙararsu gida ba.

Autar nake so. Tana da wushirya da baki, bakin ya fi wushiryar faɗi. Takan zo Laranto kai wa yayarta saƙo, ni kuwa duk ranar da ta biyo ta rumfarmu sai in ɗauki katako biyu maimakon ɗaya, in dawo ina ciwon wuya. Ita ma tana so, ta faɗa da bakinta. Sai dai akwai wani tela a layinsu da shi ma ya kai gaisuwa, mutum mai sanyin hali, kullum cikin murmushi kamar an yi masa albishir. Kowa ya san in na faɗi a tabarma, shi za a shimfiɗa wa.

Ga kuma inda matsalar take. Ni a lokacin ba na barcin kirki, kuma na san dalili.

Akwai wani abokin aikina da muke kira Dogo, ɗan wani ƙauye ne can gaba da Bukuru, mai zuwa coci, mai ƙarfi kamar sa, ga shi da tsoron ƙadangare kamar ƙaramar yarinya. Ni kuwa Allah ya yi ni da hannu mai ƙaiƙayi. Wata safiya da sanyi ya tsananta na kama wani ƙadangare da ya sandare a jikin bango, na zura shi a aljihun kwat ɗin Dogo da ya rataye. Nufina ya sa hannu a wajen mai shayi ya yi ihu a yi dariya. Bai sa hannu a wajen mai shayi ba. Sai da ya sa kwat ɗin ya hau can ƙololuwar mota yana kwance igiya, ƙadangaren ya ji ɗumi ya farfaɗo, ya bi ta hannun riga ya fito masa a wuya. Dogo ya saki igiya ya faɗo. Hannunsa na dama ya karye wuri biyu, aka ɗora bai ɗoru daidai ba, ya bar aikin katako ya koma ƙauye. Kasuwa ta yanke hukunci cewa ƙadangaren ɗumi ya je nema da kansa. Ni ne ma na fi kowa jinjina kai ina cewa lalle sanyin bana ya yi yawa. Shekara biyu ke nan, da zarar barci ya fara ɗaukata sai in ji ƙarar faɗuwar nan, in zabura. A kan tarin katako da azahar, kwanciya kawai nake yi ina sauraron minsharin mutane.

Juma'ar farko na je da shirina. Na ce a raina, mutumin da ya yaudari kasuwa guda ai tsoho ɗaya ba zai gagare shi ba. Muka ci tuwon masara da miyar kuka, ya nuna tabarma, na kwanta na juya wa bango fuska, sai na tuna ya kamata ya ga fuskar, na juyo. Na ƙirga ɗari a zuci, na saki baki, na fara ja a hankali. Da na ji abin na tafiya sai na ƙara masa gishiri, ina ja ina busawa, har da ɗan fito a ƙarshe. Ni kaina na yaba wa kaina. Ina jin ƙas-ƙas ɗin carbi, ina jin kaji a tsakar gida, ina jin wani ƙuda na yawo a gefen hancina amma na daure.

Can sai na ji tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana fuskantar cikin gida. "Kawo balangun nan yanzu tun yana barci, ba shi da yawa."

Ban motsa ba. Wallahi ban motsa ba. Maƙogwarona ne kawai ya hau ya sauka.

"Tashi zaune," in ji shi.

Na buɗe ido ina miƙa, ina cewa, "Baba, har la'asar ta yi?"

"Ba ta yi ba. Balangu ma babu. Na ga lebura sun yi mini barcin ƙarya don gudun rami, na ga sun yi don neman rami, amma ban taɓa ganin wanda ya sa wa nasa fito ba." Ya ja carbi biyu uku. "Ba zan tambaye ka mene ne ba, ba nawa ba ne. Amma akwai kayan da ka shigo da shi zauren nan, ka kwanta da shi a ƙirji. Je ka sauke shi inda ka ɗauko. Juma'a ta biyu daga yau tabarmar na nan. Bayan ita kuma naɗe ta zan yi."

Da yamma na koma zance ina jan ƙafa. Autar ta fito ta jingina da ƙyaure, ba ta ko gaishe ni ba.

"Ni da Inna muna tsakar gida muna jin ka," ta ce. "Inna ta ce a je a duba ko injin niƙan maƙwabta ne ya lalace."

"Ke ma dariya za ki yi mini?"

"Na gama tun ɗazu. Saura sau ɗaya fa. Tela kuwa an ce ko a kan keken ɗinki gyangyaɗi yake."

"To ke wa kike so?"

"Na faɗa maka tun tuni. Amma ba ni zan kwanta a tabarmar ba."

Kada ku ɗauka nan take na shiryu. Mako guda na yi ina neman wata dabarar. Wani ya ce in hana kaina barci kwana biyu kafin ranar, wani ya ce an taɓa yin haka, mutumin ya yi barcin amma ya riƙa zabura yana harbin iska, tsohon ya sallame shi. Mai shayi ya ce akwai wani ganye. Na tambayi ganyen, ya ce wanda ya sha na ƙarshe sai ranar Lahadi ya farka. Da dabara ta ƙare mini ne na hau motar Bukuru ranar Litinin, daga can na taka da ƙafa, ta gefen tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwansu kore shar ba motsi. A lokacin mutum zai shiga kowane ƙauye ya yi sallama a ba shi ruwa, ba a tambayar sunansa kafin a yanke shawarar ko za a amsa. Yanzu garin ya ja wasu layuka da ba mu san su ba, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Ban san ko jikana zai iya irin wannan tafiyar ba.

Na isa da rana tsaka. Aka nuna mini gidan, shingen kerana ya zagaye shi, gonar acca a baya. Na tarar da Dogo a gindin mangwaro, ya baje a kan buhu, karkataccen hannun a kan ƙirji, baki buɗe, kaza na kiwo a tsakanin ƙafafunsa. Barci yake irin wanda na shekara biyu ban ɗanɗana ba. Na zauna a kan dutse ina kallon sa, haushi ma ya kama ni. Ni da hannu biyu lafiyayyu ina gadin rana, shi da ɗaya da rabi yana sheƙa abinsa.

Da ya farka ya gan ni sai ya washe baki. "Kai, mutumin Laranto. Wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi gona, na tambayi mamarsa, na tambayi akuyar da ban san yana da ita ba. Daga ƙarshe na dubi ƙasa na ce, "Dogo, ƙadangaren nan, ba ɗumi ya je nema ba. Ni na sa shi."

Ya sosa wuya. "Shi ne ka taho tun daga Jos?"

"Shi ne."

"Ai na sani tun ina ƙasa kafin a ɗaga ni. Duk kasuwan nan wa zai kama ƙadangare da safe in ba kai ba? Kuma kai ne ka fi kowa cewa sanyi, sanyi."

Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce wata guda ya yi yana shirya yadda zai dawo ya karya mini nawa hannun, har ya zaɓi katakon da zai yi aikin da shi. Hannu na zogi, zuciya na zogi, ba barci. Sai mamarsa ta ce masa ciwon hannu ba yadda za a yi da shi, amma ɗayan shi ya ɗauka da kansa, in ya ga dama ya ajiye. "Sai na ajiye," ya ce. "Ba don kai ba fa, kar ka ji daɗi. Barci nake so. Kuma da ban faɗo ba, da har yau ina ɗaukan katakon wani. Yanzu ga gona, ga mata na kusa samu." Ya nuna wata garma da ke jingine da bishiyar. "Amma tunda ka zo da hannu biyu, kunyan dankali na nan bai ƙare ba."

Kwana uku na yi ina ta da kunya. Ni ɗan birni, ban taɓa riƙe garma ba, tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Dogo na zaune a kan buhu yana ba da umarni kamar hedima, yana cewa wannan kunyar ta karkace kamar hannunsa, in sake. Mamarsa na kawo mana gwaten acca, tana kallona tana magana da yarensu suna dariya, ban nemi fassara ba. Na so in tafi ranar Alhamis, ruwa ya tsuge tun hantsi har duhu. Da asubar Juma'a na yi sallama. A bakin shinge na ce masa, "Mun rabu lafiya?" Ya ce, "Hannu dai ba zai miƙe ba. Sauran ya wuce. Ka gai da mai shayi."

Na iso Bukuru na tarar motar da ke shirin tashi ta cika har saman kaya, ta bayanta kuma an kwance mata ƙafa ana gyara. Na duba rana, na naɗe ƙafar wando na kama hanya. Da ƙyar na samu sahun ƙarshe a masallaci. Na isa zauren da jar laka har gwiwa, ko gida ban biya ba.

Tsohon ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuwana. Aka kawo tuwo. Na tuna na yi loma huɗu ko biyar. Na tuna ya nuna tabarma. Na tuna na ce a raina yau ba fito, ba dabara, in barcin bai zo ba in tashi in ba tela wuri. Ina cikin tunanin ko Dogo zai shuka dankalin nan kafin ruwa ya wanke kunyar, shi ke nan abin da na sani.

Da na buɗe ido hasken ƙofar zauren ya koma ja. An lulluɓa mini wani tsohon bargo. Yawu ya jiƙa tabarmar, ƙafata ɗaya na kan kwanon tuwo. Tsohon na kan kujerarsa, da alamar alwala a gemunsa. Daga cikin gida ina jin ana ƙunshe dariya.

Na zabura na durƙusa. Kuma ga irin wautata, yanzu da na ci jarrabawar sai bakina ya buɗe da kansa. "Baba, kada in cuce ka. Daga bayan Bukuru na taho da ƙafa, kwana uku ina noma. Ina jin gajiya ce kawai."

"Na ga ƙafafun," ya ce. "Na yi shekaru ina kallon barcin gajiyayyu, sun fi kowa harbe-harbe. Tun saukowa daga masallaci nake zaune a kanka. An yi la'asar a gefenka, akuya ta shigo ta tsallake ka, ba ka zabura ba ko sau ɗaya." Ya miƙa mini buta. "Tashi ka rama la'asar kafin a kira magariba. Ka ce wa kawunka ina jiran sa ranar Lahadi a yi maganar aure."

Har yau ban san rabon da zan ba zuciya da rabon da zan ba ƙafafu a barcin nan ba, kuma ban koma na tambaya ba, kada a sake lissafi. Na rama sallata, na yi godiya ta fi sau goma, na fito da baya da baya ina sunkuye, na zura takalmi na kama hanya ina gaida duk wanda na gamu da shi, har da waɗanda ba ma shiri. Sai da na kai bakin gada na ji tafiyar ta yi mini daɗi fiye da kima. Na duba ƙasa, ashe takalmin surukina ne a ƙafata.